Hannayen Inna da Ruwan Alwala

Tun ina yarinya a ƙauyenmu na gefen Gurbin Bore na san hannayen Inna baƙaƙe ne, masu kauri, kullum da ɗan sheƙi. Mace ce mai tatsa da kaɗa nono. In ta kwashe man shanu daga ƙwarya, abin da ya saura a tafinta sai ta murza shi har gwiwar hannu, ta shafa ragowar a ƙafa. Ban taɓa ganin ta sayi man shafawa ba, ban kuma taɓa jin ta ce jikinta na ƙaiƙayi ba.

Da zaman ƙauye ya gagara, shanun suka bi hanyar da na kowa suka bi, sai maigidana ya je ya ɗauko ta ya kawo ta wurina Ƙaura. Shi direba ne, jigila yake yi tsakanin nan da Shinkafi. Ni ce ɗiyarta ta fari, don haka ko sunana ba ta kira, sai dai "ke". Zama gidan suruki kuwa nauyi ne gare ta da ban san yadda zan sauke mata shi ba. In yana gida ba ta cin abinci a fili, ba ta ɗaga murya. Abin da ta ga zai rage mata kunya shi ne aiki, sai ta ƙwace wanke-wanke da wanki daga hannuna.

Na ce, "Inna, ki huta mana. Ga ni, ga yara."

Ta ce, "In huta in yi mi? In zauna in ta cin tuwon mutane ina kallon bango?"

Haka ta riƙa wuni hannunta cikin ruwan garin sabulu. Ga ta kuma mace mai yawan alwala. Ba ta tsayawa salla da tsohuwar alwala, ko da ba ta karye ba. Farilla da sabuwa, walha da sabuwa, in za ta taɓa Alƙur'ani ma sai ta ɗauki buta. Tana kuma cuɗawa sosai, tana bin tsakanin yatsu, don babban abin da take tsoro shi ne lam'a, wato ɗan wurin da ruwa bai taɓa ba a gaɓar da ake wankewa. Tun muna yara ita ce ke tsaye kanmu tana cewa, "Koma, diddigenki busasshe ne."

Da sanyi ya shigo, sai bayan hannunta ya fara yin fari-fari kamar an barbaɗa gari. Daga nan ƙaiƙayi. Takan soshe shi a gefen tabarma in ta ga ba na kallo. Ya hau har damtse, ya sauka ƙwauri.

Ƙanwata da ke aure a Shinkafi ce ta aiko da maganin. Wani kirim ne a 'yar roba irin ta man goge baki, ta saya ranar kasuwa wurin masu baza magani a tebur. Ta ce duk unguwarsu shi ake shafawa, ƙuraje, ƙyasbi, ƙaiƙayi, har zafin bazara na jarirai. Gaskiya kuwa da farko kamar an yi ruwa an ɗauke. Cikin 'yan kwanaki ƙaiƙayin ya kwanta, fari-farin ya ɓace, Inna ta samu barci. Ta riƙa sa wa ƙanwar tawa albarka duk bayan salla. In ya ƙare sai maigida ya zo da wani daga Shinkafi, don in ta yi kwana biyu ba ta shafa ba, ƙaiƙayin kan dawo ya fi na da zafi. Mu duka muka ɗauka cutar ce mai naci, shi kuma maganin ne ke danne ta.

A haka sanyi ya wuce, bazara ta zo ta kusa fita. Wata rana taubashinta daga Banga ya biyo gaishe ta, wani tsoho mai ban dariya da suke wasa tun ƙuruciya. Ta miƙa masa ruwa, sai ya riƙe kofin ya tsaya yana kallon hannunta.

"A'a! Mi nike gani haka? Ke kuma da tsuhwanki kin shiga bilicin? Wane tsoho kika hango cikin birni?"

"Kai dai ba ka da ta ido. Ai ko na yi, ba don irinka ba, mai haƙori guda."

"Haƙori guda ya isa cin goro. Ku taya ni kallo, hannu fari fuska baƙa, awa akuyar da ta sa kai cikin gari ta baya."

Muka yi dariya har da ita. Amma da ya tafi na kamo hannun na duba a rana. Ya yi haske, ya yi santsi, irin santsin da ba na lafiya ba. Jijiyoyi duk sun bayyana, da wasu siraran ja-ja kamar zare. Na ɗan matsa fatar da yatsa biyu, ta tattare kamar takardar da aka jiƙa ta bushe, ta daɗe ba ta koma ba. Ba a yi nisa ba murfin kwano ya goge ta a bayan hannu, gogar da ba ta isa ta yi wa jariri komai ba, sai ga fata ta yage ta naɗe gefe. Na yi salati na kamo hannun. Ita kuwa cewa ta yi, "Ba komi, tsuhwa ce."

Da ƙyar na shawo kanta muka je asibiti. Malamar da ta duba mu mace ce mai haƙuri, ta karɓi robar kirim ɗin ta karanta jikinta, ta tambayi tun yaushe ake shafawa. Na faɗa mata. Ta ce akwai magani mai ƙarfi a ciki wanda ke kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, yana da amfani in likita ya ba da shi na ɗan lokaci, amma in aka daɗe ana shafawa yana cinye kaurin fata, ya bar ta da gautsi. Ta ce ba za a yanke shi lokaci guda ba, sai a hankali, kuma mu shirya, ƙaiƙayin zai taso kafin ya lafa.

Sai ta juya wurin Inna. "Inna, kin san gugar fata ta rijiya?"

"Na san ta tun ba a haihe ki ba."

"To, gugar da ake jiƙawa ta bushe, a jiƙa ta bushe, ba a shafa mata mai, me ke samunta?"

"Tsagewa takan yi."

"Haka fatar mutum take. Akwai wani maiƙo da Allah ya sa a samanta, shi ke riƙe danshin jiki kada ya fita, shi ke tare datti kada ya shiga. Sabulu na wanke shi. Ruwa ma in ya bushe a kan fata yakan tafi da danshin da ya tarar. Shi ya sa mai yawan wanki ya fi kowa bushewar hannu. Yanzu naki maiƙon ya ƙare, sai mun ara miki na waje. Basilin ko man kaɗe, a shafa da an gama taɓa ruwa, tun fatar na da laima, don ya rufe danshin a ciki. A bar wanki. A kuma rage yawan jiƙa hannun."

Inna ta saurara da kyau, tana gyaɗa kai. Da malamar ta gama sai ta ce a hankali, "Ɗiyata, kin yi magana. Amma guga ba ta salla."

Malamar ta yi dariya, ni ma na yi. A lokacin ban gane cewa a kan maganar nan za mu yi ta juyawa ba.

Wanki dai na raba ta da shi, da taimakon maigida. Ya durƙusa daga bakin ƙofar ɗakinta ya ce in ta sake taɓa kwano shi ne ba ta ɗauka ɗa ba. Kunyarsa ta sa ta bari. Mai kuma ni na ɗauki nauyin shafawa. Da ta idar da salla sai in zo da kwalbar basilin in zauna gabanta, in bi hannayen da ƙwaurin a hankali. Ƙaiƙayin ya taso kamar yadda aka faɗa, fatar ta yi ja tana zafi, tana saɓa. Na riƙa gaya wa kaina na ɗan lokaci ne. Amma kwanaki suka yi ta tafiya, maimakon sauƙi sai tsaga ta fara buɗewa a gaɓoɓin yatsu, irin fason da kan fito a diddige. Na rasa dalili, tunda ba na fashin shafawa.

Wata azahar na fito daga kicin ɗaukar tsintsiya, sai na hango ta a makwarara, ta juya baya. Soso ne a hannunta da sabulun wanki mai sanda. Tana dirzar hannun nan mai tsaga, tana cije leɓe, kumfar har ta yi ruwan hoda.

"Inna! Me kike yi haka?"

Ba ta firgita ba. Ta ce, "Zo ki gani." Ta miƙa ɗaya hannun da ba ta wanke ba tukuna, ta tsiyaya masa ruwa daga buta. Ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangare, kamar an zuba shi a kan sabuwar leda. "Kin gani? Ina ruwa ya taɓa? Wanga ba lam'a ɗaya ba ce, hannun duka lam'a ne. In tashi in yi salla da wanga?"

Ashe tun ranar da na fara shafa mata, kafin kowace alwala sai ta kankare man tas da sabulu. Ina rufewa tana buɗewa. Abin da aka ce shi zai riƙe mata danshi, a idonta shi ne ke tsakaninta da sallarta. Na tsaya da tsintsiya a hannu ban san ta inda zan fara ba, don abin da ta nuna mini da ido na gan shi, ruwan ya gangare.

Na ɓoye sabulun. Washegari na tarar ta ɗebo toka a murhu tana cuɗawa da ita. Ranar hannun ya kwana yana raɗaɗi har ta kasa riƙe carbi. Da kaina na fito da sabulun na mayar inda yake.

Na kai maganar wurin malamarmu ta Islamiyya, maigida kuma ya tambayi limamin unguwa, amsarsu ta zo ɗaya. Malamar har gida ta biyo ni, ta zauna kusa da Inna a tabarma. Ta ce man da ya narke ya shiga fata, maiƙo kawai ya bari, ba ya hana alwala, ko da an ga ruwan na gangarewa. In ya yi kauri a goge da tsumma mai laushi, ba sai an sa sabulu ba. Ta ce wankewa sau ɗaya ta wadatar, kuma alwala ɗaya na iya ɗaukar salloli in ba ta karye ba. In ma ruwa na ƙara ciwo, Allah ya yi sauƙi, akwai taimama, kuma wanda ya yi ta da uzuri babu ramuwa a kansa.

Inna ta ce, "Malama, Allah shi ƙara sani. Taimama dai ta matafiyi ce da wanda ke kwance. Ni ga ni zaune, ga randa cike."

"Inna, ai ciwo ciwo ne, ko mutum na zaune."

"Na ji. Wancan na riƙe alwala, shi zan ɗauka."

Na yi murna, na ce ko ba komai an rage. Kwana biyu na ga buta ta huta, daga azahar har isha'i ba ta sake taɓa ruwa ba. Sai na fara lura da kofinta. In na aje mata ruwa da safe, haka zan ɗauke shi da yamma. Fura ma da take so, sai ta ce ta ƙoshi. Ga zafin ƙarshen bazara, mu da muke sha ma leɓenmu na bushewa. Ashe don kada fitsari ya kama ta alwalar ta karye, ta daina shan ruwa sai bayan isha'i. Idonta ya faɗa, jiri ya fara ɗibarta in ta miƙe daga sujada, fatar kuwa ta ƙara yamushewa.

Na zauna gabanta da kofi ina kuka. Na ce, "Inna, don Allah ki sha. Ki sha ki yi alwala goma in kina so."

Ta ce, "Ke kam ban san abin da kike so ba. Na jiƙa kin ce kar in jiƙa, na bari kin ce in koma."

Gaskiyarta. Ni ma ban sani ba. Duk ƙofar da na tura sai in tarar da wata a bayanta a rufe. Ga shi ba yarinya ba ce da zan tsawata wa, uwata ce, ita ta koya mini alwalar. Kuma abin da take gudu ba abin wasa ba ne da zan ce ta share. Na sha yin addu'a a sujada in rasa me zan roƙa, Allah ya warkar da hannun, ko ya sassauta mata zuciyar. Sai in roƙi duka biyun in tashi.

Ta koma shan ruwa, ta koma buta da sabulu. Ba a daɗe ba tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuni ta kumbura ta fara ruwa, bayan hannun dama ya yi suntum, zazzaɓi ya rufe ta. Muka koma asibiti. Malamar nan ba ta yi mana faɗa ba, ta dai ce fatar da ta tsage ƙofa ce a buɗe, komai na iya shiga. Aka wanke, aka ba ta maganin sha, aka naɗe hannayen biyu da bandeji, yatsu kawai a waje. Aka ce kada ruwa ya taɓa.

A nan ne ta yi taimama, don babu yadda za ta yi, ko butar ba ta iya ɗagawa. Maigida ya samo mata wani dutse mai faɗi, mai santsi, na wanke shi na aje gefen dardumarta. Ranar farko ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɗora hannayen, ta shafi fuska, ta shafi bandejin. Ta tayar da salla. Da ta sallame ba ta ɗaga hannu addu'a ba kamar yadda ta saba, ta dai zauna hawaye na bin kumatunta. Na ce, "Inna, ta yi fa. Wallahi ta yi."

Abin da ya fi ba ni tausayi, a makonnin nan ne hannun ya samu kansa. Ba sabulu, ba dirza, ga mai ana shafawa duk lokacin da aka canza bandeji. Damina kuma ta sauka, iska ta yi laima. Tsagar ta haɗe, jan ya tafi, ƙaiƙayin ya zama sai jefi-jefi. Kaurin dai bai dawo ba, malamar asibiti ta ce mai yiwuwa ba zai dawo duka ba, amma fatar ta rufe, ta yi laushi. Ranar da aka cire bandejin na riƙe hannayen ina juya su kamar na jariri. Taubashin nata ya zo ya ce to, yanzu ta dawo baƙarta, ya fasa kai ƙararta wurin dangi. Har ta yi dariya ta jefe shi da mafici. Na kira ƙanwata na gaya mata, ita da tun da ta ji abin da kirim ɗin ya yi ba ta iya haɗa ido da Inna, muka yi ta hamdala.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, na ga ta idar da walha ba ta naɗe darduma ba. Ta tashi ta ɗauki buta da sabulu ta nufi makwarara. Ta dawo ta yi raka'a huɗu. Ta sake tashi ta nufi butar.

Na tare ta a ƙofa. "Inna, wace salla ce wannan kuma?"

"Azahar ce. Yanzu la'asar za ni yi."

"Da hantsin nan?"

"Na kwanakin da hannuna ke ɗaure. Su nike biya."

"Inna, ba ki bar su ba. Kin yi su da taimama. Malama ta ce babu ramuwa, liman ma haka ya ce."

"Na ji su, kuma ban ce sun yi ƙarya ba. Sun hi ni sani." Ta gyara riƙon butar. "Amma ran da za a tambaya, ni za a tsayar, ba su ba. Ba ni hanya."

Na ba ta hanya. Ban san abin da wata za ta yi ba a matsayina, ni dai na matsa gefe.

Yanzu haka muke. Kowace safiya tana biyan abin da ta ce ana binta, kowace salla da alwalarta. Abin da na samu a wurinta bayan doguwar magiya shi ne ta bar soson, ta yarda da sabulun wanka mai laushi maimakon na wanki, ta kuma bar ni in riƙe butar. Nakan ɗan ɗumama ruwan, in aje tsumma da kwalbar mai kusa da ni, don ina gamawa in shafa tun da laima, ko da na san ba zai daɗe a wurin ba.

Shekaranjiya ina zuba mata na ga wani siririn ja ya buɗe a gaɓar ɗan yatsanta na tsakiya. Ita ma ta gan shi. Ta ɗan ja numfashi da ruwan ya shiga, ba ta janye hannun ba. Na rage zubawar, ina tsiyayawa kaɗan-kaɗan yadda zai jiƙa kawai.

Ta ce, "Ke, ƙara."

Na ƙara.